Hutun Ma'aurata a Bakin Bahar Maliya: Abin da Muka Gani a Bur Sudan, Sanganib da Sawakin

Idan ana maganar tafiya, babu mai koya wa Bahaushen ƙasar Sudan ita, domin kuwa tafiya ce ta kawo kakanninmu nan. Muna tafiya fatauci, muna tafiya aikin gona daga Jazira zuwa Gadarif, muna tafiya biki da ta'aziyya, muna kai marar lafiya asibiti a babban gari. Amma a ce magidanci ya ɗauki matarsa, su biyu kawai, ba biki ba mutuwa, su tafi wani wuri don su huta su buɗe ido, wannan kam baƙon abu ne a wurinmu. Wanda ya yi ma sai a riƙa yi masa kallon wanda kuɗi suka yi wa yawa, ko kuwa a ce mace ta mallake shi.

Ga kuma wani abin mamaki. Ƙasarmu tana da gaɓar teku ta fiye da kilomita 700 a Bahar Maliya, wadda kafin yaƙi Turawa suke biyan kuɗi masu yawa su zo su yi nitso a cikinta, alhali kuwa da yawa daga cikinmu a nan aka haife mu, a nan muka yi furfura, ba mu taɓa tsoma ƙafa a ruwan gishiri ba. Waɗansu kuma ba su ga tekun ba sai bayan 15 ga Afrilu 2023, lokacin da yaƙi ya kore su daga Khartum, daga baya kuma daga Madani da Sinja, suka isa Bur Sudan da ƙullin kaya a ka. Wanda ya ga teku a irin wannan hali ba ya ganin kyansa. Shi ya sa mu biyu, maigida da uwargida, muka ga ya dace mu ba da labarin kwana bakwai da muka yi a can a watan Disamba na 2022, wata huɗu kafin a fara harbe-harbe, don a san irin abin da Allah ya ajiye mana a wannan gaɓa, da kuma abin da ya haɗa ta da tarihinmu.

Shiri da hanya

Mun shekara 20 da aure ba mu taɓa kwana a wani gari mu kaɗai ba. Da aka sayar da riɗi a wannan kaka, uwargida kuma ta ɗauki adashinta, sai muka haɗa kuɗin wuri ɗaya, muka bar yara a hannun kakarsu. Surutu kam an yi shi a unguwa. Amsar da muka riƙa bayarwa ita ce, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi tafiya da iyalinsa, har ma ya taɓa yin tsere da Nana A'isha a kan hanya. In haka ne, ina abin kunya ga Malam Bahaushe don ya zaunar da matarsa kusa da shi a cikin bas?

Daga Gadarif muka fara yada zango a Kasala. Duk wanda ya san garin ya san duwatsun Taka da Totil da suke tsaye a kansa, da tsohon masallacin Khatmiyya a gindinsu, da kogin Gash wanda a wannan lokaci yashi ne zalla. Kasala ta daɗe da zama wurin da angwaye da amare na ƙasar nan suke zuwa bayan biki. Mun tarar da su bibbiyu a kan dutse, hannu da ƙafa duk lalle, suna shan ruwan rijiyar Totil, wadda mutanen garin suke cewa wanda ya sha ta sai ya sake dawowa. Mu ma muka sha, ko da yake lallenmu ya daɗe da gogewa.

Kashegari da asuba muka kama hanyar arewa. Tafiya ce ta yini guda cur, ta Durdeb zuwa Haya, inda hanyar Atbara take haɗuwa da tamu, sa'an nan Sinkat a kan duwatsun Bahar Maliya. Ƙasar Beja ke nan, wato Hadandawa da 'yan'uwansu, masu raƙuma da takobi da 'yar shara a kan riga. Bayan Sinkat akwai gangaren da ake kira Aƙaba, inda hanya take murɗewa kamar maciji a tsakanin duwatsu, fasinja kowa ya kama salati. Da aka sauko fili, sai iska ta sauya, ta yi nauyi, ta ɗauko wani ƙanshi da ba mu saba da shi ba. Can gabas muka hango wani shuɗin layi wanda ya haɗe da sama. Uwargida ta ce, "Malam, hadari ne wancan?" Wata dattijuwa da ke bayanmu ta yi dariya ta ce mata ai bahar ɗin ke nan.

Bur Sudan

Bur Sudan ba tsohon gari ba ne. Turawan Ingila ne suka fara gina shi a 1905 a wani mashigin ruwa da ake kira Marsa Shaikh Bargut, jirgin ƙasa daga Atbara ya iso gaɓa a 1906, aka kuma buɗe tashar jiragen ruwa a 1909. Dalilin gina shi kuwa shi ne mashigar tsohuwar tashar Sawakin ta yi wa manyan jirage masu tururi ƙunci, ga duwatsun murjani hagu da dama. Wato dai murjani ne ya sa aka ƙaura daga wancan gari zuwa wannan.

Lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin zuwa. Da bazara zafi yakan wuce digiri 40, ga gumi kamar an rufe mutum a tukunya. Abin da zai ba manomin Gadarif mamaki shi ne, ɗan ruwan saman da gaɓar take samu yawanci a lokacin sanyi yake sauka, sa'ad da mu muke girbin dawa.

Da yamma muka riƙa fita Kurnish, wato shimfiɗaɗɗen titin bakin ruwa, inda iyalai suke zama a kan kujeru, masu shayi da jabana suna ta hidima, ana kallon manyan jirage da fitilun tasha. Jabanar Beja da citta ake dafa ta, a zuba a 'yan ƙananan finjalai, kuma ba a gaggawa a kanta. Nan muka gane cewa rabin hutu zama ne kawai. Mun yi hirar da muka shekara ba mu yi ba, babu yaro mai kuka, babu mai sallama a ƙofar gida.

Wurin cin kifi shi ne Sigala. Mutum zai zaɓi kifinsa ɗanye, a auna, a soya masa nan take. Najil, wani jan kifi mai ɗigo-ɗigon shuɗi, shi ne sarkin kasuwa, sai sha'ur mai farin nama. Ana haɗawa da makhbaza, wato gurasa da aka kirɓa da ayaba da zuma. Mai son nama kuma ga salat, naman da Beja suke gasawa a kan duwatsu masu zafi da aka jera bisa garwashi. Sai dai baƙo ya sani, ruwan sha shi ne ciwon kan garin tun fil azal. Daga Khor Arba'at, can arewa da gari, ake jawo shi, ba ya kuma isa, shi ya sa za ka ga tankoki da amalanken jakuna suna yawo da shi unguwa-unguwa. Gari a bakin teku, amma bokitin wanka sai an yi masa lissafi.

Wani abin da ya taɓa mana zuciya shi ne alƙibla. A wannan gaɓa, in ka tsaya salla a bakin ruwa, tekun ne a gabanka, Jidda kuma tana can ƙetare, tazarar kimanin kilomita 300 kacal.

Shin mene ne murjani?

Mu Hausawa mun san murjani a wuyan mata da cikin kayan lefe, mun kuma san Alƙur'ani mai girma ya ambace shi tare da lu'ulu'u a cikin Suratur Rahman. Wancan jan murjani na ado yawanci daga Bahar Rum ake samo shi, fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi zuwa kasuwanninmu na dā. Na Bahar Maliya danginsa ne, amma shi magini ne. Mutanen gaɓa suna kiran tsaunukan da yake ginawa a ƙarƙashin ruwa sha'ab.

Mai kallo zai ɗauka dutse ne ko tsiro, alhali kuwa dabba ce. 'Yan mitsi-mitsin halittu ne masu taushin jiki, da yawansu ba su wuce ƙwayar gero ko ta dawa ba, kowace da baki da 'yan yatsu kewaye da shi. Kowace tana tatsar sinadarin alli daga ruwan teku ta gina wa kanta ɗan ɗaki. In ta mutu ɗakin ya zauna, 'ya'yanta su yi gini a kansa. Haka ake yi shekara dubbai har a sami tsauni. Mai rassa kamar ƙahon barewa yana iya ƙaruwa da santimita 10 a shekara, amma mai kama da curin dutse da ƙyar yake ƙara santimita 1. Saboda haka curin da ya kai tsayin mutum ya girmi kakan kakanmu.

A cikin naman kowace halitta akwai wani ɗan gansakuka da ido ba ya gani. Shi yana amfani da hasken rana ya haɗa abinci ya ba mai masaukinsa, ita kuma ta ba shi wurin zama. Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ke nan. Shi ne kuma yake ba murjani yawancin launinsa. Don haka murjani ba ya yin kyau sai a ruwa mai ɗumi, garai-garai, marar zurfi, inda rana take ratsawa. Bahar Maliya ta cika waɗannan sharuɗɗa, domin babu wani kogi mai gudu duk shekara da yake zuba laka a cikinta. Wannan ne ma, tare da zafin rana, ya sa gishirinta ya kai kimanin giram 40 a kowace lita, alhali na manyan tekuna bai wuce 35 ba. Masana sun ƙiyasta cewa tsaunukan murjani ba su rufe ko kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ire-iren halittun teku da su suka dogara.

Gani ya kori ji

A Sigala akwai ƙananan jiragen ruwa masu inji da aka sa wa gilashi a ƙasansu, don wanda bai iya ruwa ba ya ga abin da ke ciki ba tare da ya jiƙe ba. Uwargida ta tsaya a bakin gada ta ce, "Malam, ka san fa ruwa ba sa'an kwando ba ne." Sai da ta ga an ba kowa rigar ceto, ta kuma ga waɗansu mata da goyo sun shiga, sa'an nan ta tattare tob ɗinta ta yi bisimilla.

Da mai jirgi ya kashe inji a kan sha'ab, muka sunkuya a kan gilashin, sai kowa ya yi tsit. Ga wani murjani shimfiɗe kamar faifai, ga wani kamar ƙwaƙwalwa, ga mai rassa, ga mai laushi yana rausaya kamar gero a iska. Kifaye kuwa kamar an watsa atamfofi a ruwa, rawaya da shuɗi da kore da mai zane-zane. Mai jirgi ya nuna mana harid, kifi mai baki irin na aku, wanda yake kankare gansakuka daga jikin murjani, ya haɗiye har da allin, ya fitar da shi gari. Wani kaso na farin yashin da ake takawa a bakin gaɓa daga cikin wannan kifi ya fito. Babu abin da muka iya cewa sai Subhanallahi.

A kwana na huɗu muka shiga cikin wata ƙungiyar iyalai muka tafi Sanganib, kimanin kilomita 25 daga gaɓa. Shi wani zoben murjani ne da ya taso daga zurfin kusan mita 800, tsakiyarsa tafki mai ruwa kore shar, kewayensa kuma shuɗi mai duhu. Babu irinsa a duk Bahar Maliya. Gwamnati ta mai da shi gandun da aka kare a 1990, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin wuraren gado na duniya a 2016, tare da mashigin Dungunab da tsibirin Mukawwar da ke kimanin kilomita 125 arewa da Bur Sudan. A kan zoben akwai doguwar hasumiya mai fitila da take yi wa jirage jagora da dare. Mun hau ta da haki, muna hutawa a hanya, amma daga sama mutum yana ganin zoben gaba ɗaya kamar an ajiye tasa a kan tabarma. A hanyar dawowa kuma dabbobin nan da masunta suke kira Abu Salama, wato dolfin, suka yi ta tsalle a gaban jirginmu.

A Dungunab akwai wata dabba da za ta ba Bahaushe sha'awa. 'Yar'uwar ayu ce, wannan da masuntan kogin Binuwai da Kwara suka sani, tana kiwo a kan ciyawar ƙasan teku, tana shayar da ɗanta nono. Akwai kuma kunkurun teku da kifin shak iri-iri.

Tekun yana da nasa tarihin. Dab da Bur Sudan akwai wani jirgin Italiya mai suna Umbriya kwance a ƙarƙashin ruwa. A watan Yuni na 1940, da kyaftin ɗinsa ya ji a rediyo cewa ƙasarsa ta shiga yaƙin duniya na biyu, sai ya nutsar da shi da gangan don kada Ingilishi su ƙwace bama-bamai kimanin 360,000 da yake ɗauke da su. Yau murjani ya lulluɓe shi, kifaye sun mai da shi gida. A Sha'ab Rumi kuma, a 1963, Bafaranshen nan Jak Kusto ya kafa ɗakuna a zurfin mita 10, mutanensa suka zauna a ciki har wata guda, don a gwada ko ɗan Adam zai iya rayuwa a ƙarƙashin teku.

Sawakin, ƙofar da kakanni suka nufa

Kwana biyu na ƙarshe a Sawakin muka yi su, kusan kilomita 60 kudu da Bur Sudan. Tsohon garin yana kan wani ɗan tsibiri ne kewayayye, wanda Godon Basha ya haɗa da tudu da gada a 1877. Ibn Batuta ya ratsa ta nan a ƙarni na 14, Turkawan Usmaniyya suka riƙe garin tun daga ƙarni na 16, sa'an nan Masar, kuma a kewayensa ne Usman Digna, sarkin yaƙin Mahadi, ya yi ta gwabzawa da Ingilishi. Kabarinsa yana Arkawit a kan duwatsu, tashar jiragen fasinja da aka buɗe a 1991 kuma sunansa take ɗauke da shi.

Da dutsen murjani aka gina Sawakin, benaye hawa biyu da uku, da tagogin katako masu sassaƙa da ake kira roshan, irin na tsohuwar Jidda. Shi wannan dutse yana da ramuka kamar soso, sai ana shafe shi da farar ƙasa a kai a kai. Da attajirai suka koma Bur Sudan, aka daina shafe, sai gishiri da raɓa da ruwan sanyi suka ci ginin. Abin da muka tarar yawancinsa tsibin farin dutse ne, in ka ɗauki guntu za ka ga zanen ɗakunan halittun da suka gina shi. Masallatan Hanafi da Shafi'i da waɗansu gine-gine kaɗan ne Turkiyya ta gyara, shugabanta Erdogan ma ya ziyarci tsibirin a Disamba 2017.

To, ina ruwan Bahaushe da wannan kufai? Ai nan ne bakin hanyar. Maniyyaci yakan taso daga Kano ko Sakkwato ko Damagaram, ya bi ta Barno, ya ƙetare Chadi ta Abeshe, ya shigo ta Jinaina, ya wuce Fashir da Ubayyid, yana tafiya yana tsayawa neman guzuri, wani shekara uku, wani bakwai, wani fiye. Bayan yaƙin Burmi na Yuli 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, gonakin auduga na Jazira suka buɗe, hannun mutanenmu yana cikin waɗanda suka raya su. Duk wanda ya tara abin da ya tara, Sawakin yake nufa, a tsare shi a karantina, a yi masa allura, sa'an nan ya hau jirgi zuwa Jidda. Marasa takardu kuma sukan ba masu sambuk kuɗi su ƙetare da su da dare ta tsakanin sha'ab, ba duka ne suka kai ba.

Waɗansu kuwa ko tekun ba su gani ba. Kakan uwargida daga ƙasar Haɗeja ya taso da niyyar hajji, ya tsaya noma a Gadarif don ya cika guzuri, aure ya zo, 'ya'ya suka zo, har ya koma ga Allah yana cewa baɗi in Allah ya so. Irinsa suna da yawa, har masanin nan Bawa Yamba ya wallafa littafi a kansu a 1995, inda ya kira su maniyyata na dindindin. A bakin ruwan Sawakin muka tsaya muka yi masa fatiha, shi da duk waɗanda suka kwanta a kan wannan hanya.

Ba za mu ɓoye ba, mun je wurin da ciwo a zuciya. A watannin Yuli da Oktoba na wannan shekara ta 2022 an yi rikici a jihar Nilul Azraƙ wanda ya ci ɗaruruwan rayuka, aka kuma sake jin tsohuwar maganar nan cewa Hausawa baƙi ne. Tsayuwa a Sawakin ta ƙara mana natsuwa. Kafin a aza tubalin farko na Bur Sudan, ƙafafun mutanenmu sun san wannan gaɓa. Yaron da aka kawo nan aka nuna masa, ba zai sunkuyar da kai ba in an tambaye shi asalinsa. Kuma wanda ya san ƙasa tasa ce, shi ne yake jin zafin lalacewarta.

Abin da yake barazana ga murjani

Babban abokin gaban murjani shi ne zafi. In ɗumin ruwa ya ɗara na tsakiyar bazara da digiri 1 kacal, ya kuma ɗauki makonni a haka, sai halittar ta kori gansakukan da yake ciyar da ita, ta koma fari fat kamar ƙashi. In ruwan ya huce da wuri takan farfaɗo, in ya daɗe kuwa yunwa ta kashe ta. An ga irin wannan a duniya baki ɗaya a 1998, da 2010, da 2014 zuwa 2017, sa'an nan a Afrilu 2024 hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka ta ba da sanarwar karo na huɗu. Bincike ya nuna murjanin arewacin Bahar Maliya ya fi na sauran wurare jure zafi, abin da ya sa masana suke sa rai da wannan teku, amma juriya tana da iyaka.

Sauran ɓarnar kuwa ta hannunmu ce. Ƙarfen da jirgi yake jefawa don ya tsaya yana farfasa ginin shekara ɗari cikin minti ɗaya. Leda tana shaƙe kunkuru, domin yana ɗaukarta abinci ce. Man jirage da ƙazantar gari suna gurɓata ruwa. Ana sare itacen shora da yake tsirowa a ruwan gishiri, alhali a cikin saiwoyinsa 'ya'yan kifi suke girma. Masu sayar da busasshen murjani da ƙwaryar kunkuru a matsayin tsaraba kuma ba za su daina ba muddin akwai mai saye. In sha'ab ya mutu, najil da sha'ur za su tafi, masunci ya rasa abinci, igiyar ruwa kuma ta sami hanyar cin gaɓa.

Garin ma ya sha wuya bayan zuwanmu. A 2023 gwamnati ta koma can da zama, 'yan gudun hijira suka cika makarantu, jiragen ruwa suka yi ta kwashe dubban mutane zuwa Jidda. A Agusta 2024 madatsar Arba'at ta ɓalle, ta tafi da ƙauyuka da rayuka, ta ƙara tsananta ƙishirwar garin. A Mayu 2025 kuma jirage marasa matuƙi suka kai hari a kan rumbunan mai da filin jirgin sama.

Shawara ga ma'aurata

Ba muna cewa kowa ya ɗaura kaya gobe ba ne. Duk mai niyya ya fara tambayar 'yan'uwa da ke can halin da hanya da gari suke ciki, domin rigakafi ya fi magani. Amma in Allah ya kawo sauƙi, ga abin da muka koya.

A tafi da sanyi. A riƙe katin shaida da ƙasimar aure, domin masu lokanda suna tambayarta kafin su ba mace da namiji ɗaki ɗaya. A ware kuɗin ruwan sha daban. A yi ciniki da mai jirgi tun a tudu, kada kuma a shiga jirgin da babu rigar ceto ko wanda aka cika fiye da kima. A watan Yuni na 2022 wani jirgi ya nutse a tashar Sawakin da tumaki fiye da 15,000 saboda lodi ya fi ƙarfinsa, wannan ya isa wa'azi. Mai shiga ruwa ya sa takalmin roba, saboda bushiyar teku mai ƙaya da kuma wani kifi mai dafi da yake kwanciya kamar dutse. Kada a taka murjani, kada a taɓa shi, kada a ɓalle shi don tsaraba, yana yanka kamar reza, ciwonsa kuma ba ya saurin warkewa. Ledar da aka zo da ita a koma da ita. Mace tana iya shiga ruwa marar zurfi da suturarta cikakkiya, haka matan garin suke yi, babu mai kallon kowa.

Ga 'yan'uwa magidanta kuma, wannan baiwar Allah da take tashi tun asuba tana hura wuta shekara da shekaru, tana da hakkin ta ga wani abu ban da bangon gida. Wanda bai iya kaiwa teku ba, Kasala tana nan, bakin kogi ma yana nan. Ba yawan kuɗi ne yake kawo hutu ba, niyya ce da shiri.

Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, ya mai da kowa gidansa lafiya, ya jiƙan magabatanmu, ya kuma ba waɗanda ba su sauke farali ba ikon ƙetare Bahar Maliya. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba. Wassalam.